Kai intanet ɗakin sama ta wayar wutar gida: zai yi ko ba zai yi ba?

Ɗalibin Fasaha:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Gidan bene ne, rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) tana falon ƙasa, sigina ba ya ratsa rufin kankare zuwa sama sai da ƙyar, kuma ba a yarda a huda bango ba. An ce akwai adaftar da ake sawa a soket ta bi da intanet ta cikin wayar wutar gida. Layin intanet ɗin 100 Mbps ne. A jikin kwalaye na ga AV600, AV1000 da AV2000. Wacce ta dace, kuma yaya ake haɗawa? Akwai ɗaki a bayan gida, shi ma ana so ya samu.

Mai Haɗa Intanet:
Wa alaikumus salam. Adafta biyu ake buƙata aƙalla. Ta farko tana zama a soket kusa da rauta, kebul ɗin Ethernet ya haɗa ta da ɗaya daga cikin ramukan LAN na rautar. Ta biyu tana ɗakin da ake so, ta ba kwamfuta ko talabijin ta kebul, ko ta watsa Wi-Fi idan irin mai Wi-Fi ce. Wutar gida tana kaɗawa sau 50 ko 60 a sakan ɗaya. Adaftar kuwa tana ɗora nata siginan can sama, daga wajen 2 MHz zuwa 30 MHz a tsohon tsarin HomePlug AV na 2005, zuwa 86 MHz a AV2 na 2012. Shi ya sa suke bin waya ɗaya ba tare da sun shiga hancin juna ba.

Yadda za ka haɗa: sa su biyun a ɗaki ɗaya tukuna, kowacce a soket na bango. Danna maɓallin haɗi na ta farko kamar sakan ɗaya, fitilarta za ta fara ƙiftawa. Kafin minti 2 ya cika danna na ta biyu. Idan fitilar layin wuta ta tsaya cak a kan duka biyun, sun gane juna. Sai ka cire ta biyun ka kai ta sama. Ba ta mantawa don an cire ta daga wuta.

Lambar da ke kan kwalin nan kada ta ruɗe ka. Gudun sigina ne a kan waya mai kyau a ɗakin gwaji, ba abin da zai iso kwamfutarka ba. Juya kwalin ka duba ramin Ethernet. Yawancin AV500 da AV600 raminsu 10/100 ne, wato ko wayar gidanka ta zinare ce ba za ka wuce kimanin 94 Mbps ba. Nemi mai ramin gigabit.

Injiniyan Wuta:
Malam, kafin maganar wacce za a saya, a fara duba wutar gidan. Tambayoyi huɗu gare ka, Ɗalibi. Fes ɗaya ne ko fes uku, wato layin wuta ɗaya ke shigowa gidan ko uku? Soket-soket ɗin suna da wayar ƙasa (earth) ta gaskiya, ko ramin ne kawai babu komai a bayansa? Akwai inbata ko stabilaiza a tsakanin layukan? Ɗakin bayan gidan daga akwatin rarraba wutar babban gida yake sha, ko mitarsa daban?

Amsar waɗannan ita ke yanke hukunci. Adafta iri ɗaya za ta ba wani gida gudu mai kyau, gidan da ke kusa da shi ta ƙi ko kunna fitila, kuma ba laifin adaftar ba ne.

Ɗalibin Fasaha:
Injiniya, fes uku ne. Inbata akwai, amma fitilu da wasu soket kaɗai take ɗauka. Ɗakin baya mitarsa daban. Wayar ƙasa sai an duba.

Injiniyan Wuta:
To, ga inda gizo ke saƙa. A gida mai fes uku, mai wayarin yakan raba nauyi, ƙasa a fes ɗaya, sama a wani. Idan adaftocin suka faɗa fes daban, babu jan ƙarfe da ya haɗa wayoyinsu masu wuta kai tsaye. Siginan yana tsallakawa ne kawai a inda wayoyin fes ɗin suka tafi kafaɗa da kafaɗa cikin bututu ɗaya ko babban kebul mai shigowa, kuma da rauni yake isa. Wani lokaci ya isa aiki, wani lokaci ya yi ta yankewa.

Hanya mai sauƙi ta sanin fes ɗin kowane soket ba tare da buɗe komai ba: ranar da fes ɗaya ya ɗauke, zagaya da caja ka lura da waɗanda suka mutu tare. Ka rubuta. Sau da yawa za ka tarar a bene akwai soket ɗaya, a baranda ko kan matakala, da ke kan fes ɗaya da falon ƙasa. Nan za ka sa adaftar.

Idan babu, gyara biyu ne, kuma dukkansu aikin mai wuta ne mai lasisi. Ko ya mayar da birekan ɗakin zuwa fes ɗin da rauta take, bayan ya lissafa nauyin da zai ƙaru a kansa, ko ya sa na'urar haɗa fes a cikin akwatin, wadda ke barin sigina mai tsananin kaɗawa ya tsallaka ta hana wutar kanta. Don Allah kada wanda bai iya ba ya cire murfin akwatin nan. Tsakanin fes da fes akwai bolt 400 a tsarin 230.

Maganar inbata kuwa ba ta da ja. Adafta ɗaya a layin inbata, ɗaya a layin da bai bi ta cikinta ba, siginan dole ya ratsa matatar da ke cikin inbatar, ita kuwa an ƙera ta ne don ta kashe irin wannan kaɗawar. Su biyun su zauna a gefe ɗaya. Idan a gefen inbata ne, mai fitar da tsaftatacciyar igiyar wuta (pure sine wave) ta fi dama. Mai fitar da igiya mai kusurwa tana cika waya da hayaniya da zarar ta koma kan batir.

Malama Mai Kwamfuta:
Ni dai ra'ayina a fili yake: a ja kebul. Kebul ɗin Ethernet na Cat6 guda ɗaya yana ɗaukar gigabit har mita 100, zuwa da dawowa a lokaci guda, ba ruwansa da firij ko fanka. "Ba a huda bango" ba ya nufin babu hanya. Akwai kebul mai faɗi siriri da ke bi ƙarƙashin ƙofa, akwai kwalbatin roba mai manne da ake bi da shi gefen matakala. Idan gidan yana da kebul ɗin talabijin mai zagaye da aka riga aka binne zuwa ɗakuna, adaftar MoCA, mai bi da intanet ta cikin wannan kebul ɗin, ta fi ta wutar lantarki nesa ba kusa ba, don shi an yi shi ne domin sigina, da rigar kariya a jikinsa. Wayar wuta ba ta da kariya, ba a murɗe take ba, ga rassa ta ko'ina, kowane reshe yana maido da sigina baya.

Mai Haɗa Intanet:
Hajiya, babu mai jayayya da ke cewa kebul ya fi. Amma a dubi buƙatar. Netflix 15 Mbps suke nema don 4K, 5 Mbps don 1080p. Kiran bidiyo bai kai haka ba. Idan adafta ta kawo 60 ko 70 a tsaye ba yankewa, ɗakin ya wadatu, kuma cikin minti 10 an gama ba tare da guduma ba. Ga wanda ke haya, ranar tashi ya zare abarsa ya tafi.

Malama Mai Kwamfuta:
"A tsaye ba yankewa" ɗin nan shi ne abin da ba ta iya alkawartawa. Kuma a gaya masa gaskiyar rabon gudu. Duk adaftocin gida waya ɗaya suke amfani da ita, kamar zauren da mutum ɗaya kaɗai ke magana a lokaci guda, saura su saurara. Idan adafta ta uku ta shigo, ba sabon layi aka buɗe mata ba, daga rabon sauran za ta ci. Mai raunin sigina kuma ta fi daɗewa riƙe da wayar kafin ta gama aika abu kaɗan, sai ta ja sauran baya. Wanda ke da ma'ajiyar fayil a gida ko kyamarori da yawa masu aika bidiyo dare da rana, wannan ba tasa ba ce.

Mai Haɗa Intanet:
Wannan haka yake. Shi ya sa nake cewa adafta biyu kawai, sannan a sa ƙaramin suwic na Ethernet mai rami 5 a bayan ta sama idan na'urori sun yi yawa, maimakon kowace na'ura da adaftarta.

Sabon Shiga:
Gafara dai malamai. Tawa tana aiki da safe lafiya lau, da yamma fitilar tsakiya ta koma ja, intanet ya yi ta tsinkewa. Mene ne dalili?

Injiniyan Wuta:
Hayaniya ce a kan waya. Da yamma ake kunna abubuwa. Manyan masu laifi su ne caja mai arha marar matata, kwan LED mai araha, makunnin rage hasken fitila, da duk injin da ke da gawayi a cikinsa, irin na'urar markaɗe, diril da injin shara. Na'urar sanyaya ɗaki mai inbata a ciki da injin jan ruwa su ma suna taɓawa, musamman lokacin tashi.

Ga yadda za ka kama shi. A kwamfutar Windows da ke bayan adaftar buɗe tagar umarni ka rubuta ping -t sai adireshin rautarka, misali 192.168.1.1. Bar shi yana gudu. A wayar wuta mai lafiya za ka ga 'yan milisakan kaɗan, ƙasa da 10. Yanzu ka bi kayan gidan kana cirewa ɗaya bayan ɗaya daga soket, cirewa gaba ɗaya, don caja tana hayaniya ko babu wayar salula a jikinta. Wanda ka cire lambobin suka lafa, shi ne. Fara da waɗanda suka fi kusa da adaftar, domin hayaniyar kusa ta fi illa. Caja ɗaya a soket ɗin da ke manne da ita ta fi firij ɗin da ke can kicin ɓarna.

Idan abin da ka kama ba ya rabuwa da wurin, sayi adafta mai soket a fuskarta. Wannan soket ɗin yana da matata. Adaftar ta shiga bango, ekstenshan ya shiga fuskarta, cajoji su shiga ekstenshan. Duba amfiyar da aka rubuta a jiki, 13 ko 16 gwargwadon nau'in filogi, kada a ɗora mata hita da dutsen guga tare.

Sabon Shiga:
Tawa a kan ekstenshan take, irin mai kariya daga tashin wuta.

Injiniyan Wuta:
To ka samu rabin amsarka. Mai kariyar nan tana da sassan da ke shanye duk wani abu mai saurin kaɗawa, siginan adaftarka kuma haka yake a wurinta. Haka UPS (batirin da ke riƙe na'ura idan wuta ta ɗauke), haka stabilaiza mai taransifoma. Rauta za ta iya zama a kan UPS, amma adafta bango kai tsaye. Sai dai ka sani idan wuta ta ɗauke rauta za ta ci gaba, adaftar ta mutu.

Dattijon Rediyo:
A ba ni dama in ƙara abin da ba a cika faɗa ba. Wannan zangon na 2 zuwa 30 MHz shi ne gidan rediyon gajeren zango. Zangon mita 49 yana wajen 6 MHz, mita 31 wajen 9.5, mita 19 wajen 15. Wayar gida ba ta da kariya, kamar yadda Hajiya ta ce, saboda haka wani ɓangaren siginan yana fita iska. Masu ƙera adafta sun toshe zangunan masu rediyon sha'awa, kuma ƙa'idar Turai ta EN 50561-1 ta tilasta ƙarin kariya, amma mai sauraren tashar nesa a cikin gidan zai iya jin ƙara kamar ana soya abu duk lokacin da ake sauke fayil. FM ta tsira, domin tana farawa daga 87.5 MHz, AV2 kuma ta tsaya a 86.

Na biyu, wanda intanet ɗinsa ke zuwa ta wayar tarho da tsarin VDSL2 ya kula. Wannan yana aiki har 17 MHz, wani nau'in har 35, duk cikin zango ɗaya da adaftar. Idan wayar tarho da ta wuta sun tafi tare a bango, sa adafta zai iya rage gudun layin ko ya sa modem ta riƙa sake haɗawa. A raba wayoyin, a kuma kunna yanayin rage ƙarfi na VDSL idan manhajar adaftar tana da shi. Mai faiba ko 4G da 5G wannan bai shafe shi ba.

Ɗalibin Fasaha:
Allah ya saka da alheri, Baba. Injiniya, wayar ƙasan da ka tambaya, me ya haɗa ta da intanet?

Injiniyan Wuta:
Ita ce bambancin ƙananan da manyan. AV600 da galibin AV1000 hanya ɗaya suke bi, tsakanin waya mai wuta da nutural. AV1200, AV1300 da AV2000 suna da MIMO, wato suna ƙara hanya ta biyu ta wayar ƙasa. Idan fes ya bambanta wannan yakan taimaka sosai, domin wayar ƙasa da nutural duk gidan tare suke. Amma idan babu wayar ƙasa a bayan soket, AV2000 za ta koma hanya ɗaya, ka biya kuɗin abin da ba ka amfani da shi. Akwai ƙaramar na'urar gwajin soket mai fitilu uku, da ka cusa ta za ta nuna maka. In ta nuna babu, a gyara, ba don intanet ba ma, don ran mutanen gidan.

A kuma matse sukurorin soket ɗin bayan an kashe birekansa. Haɗi mai sako-sako ko wanda ya yi tsatsa zai iya kunna fitila lafiya amma ya cinye sigina.

Mai Haɗa Intanet:
Wani tarko wajen saye: iyali biyu ne kuma ba sa jin yaren juna. Akwai HomePlug AV da AV2, waɗanda ke ƙarƙashin ƙa'idar IEEE 1901 ta 2010, akwai G.hn na hukumar ITU. Jerin Magic na kamfanin devolo G.hn ne, ba zai haɗu da AV2 na TP-Link ko Netgear ba. In an sa su a waya ɗaya ma, juna za su dama. A cikin iyalin HomePlug kuwa AV500 tana magana da AV2000, amma hanyar da ke tsakaninsu da gudun ƙaramar za ta tafi. Tsohuwar HomePlug 1.0 mai 14 Mbps ba ta haɗuwa da AV ko kaɗan. Saye saiti ɗaya daga kamfani ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Malama Mai Kwamfuta:
Tunda an nace, a yi shi da tsaro. Adaftocin HomePlug AV suna ɓoye bayanai da AES mai bit 128, amma daga masana'anta yawancinsu suna fitowa da sunan tsari iri ɗaya, HomePlugAV. Shi ya sa suke aiki da zarar an cusa su. Mita ba katanga ba ce, sigina yana iya ratsa ta. A gidan haya mai sassa da yawa, maƙwabci ya sa tasa sabuwa, sai ta haɗu da taka, ya riƙa shan intanet ɗinka ko kwamfutarka ta karɓi adireshi daga rautarsa, kowa bai sani ba. Danna maɓallin haɗin nan da Malam ya bayyana shi ke ƙirƙiro sabon mabuɗi. Kada a tsallake shi don an ga fitila ta riga ta kama. In an rikice, riƙe maɓallin kimanin sakan 10 yana fitar da adafta daga tsarin, sai a sake daga farko. Tsawon riƙewar yana ɗan bambanta tsakanin kamfanoni, a duba takardar da ke cikin kwali.

Sannan a auna da kyau. Gwajin gudu na intanet yana cakuɗa matsalar kamfanin layi da ta wayar gida. A sa manhajar auna gudu ta iperf3 a kwamfuta biyu. Wadda ke jikin rauta da kebul a rubuta iperf3 -s. Wadda ke bayan adafta a rubuta iperf3 -c sai adireshin ta farkon, sai -t 30. A maimaita da -R don ɗaya ɓangaren, domin zuwa da dawowa ba sa zama daidai, hayaniyar da ke kusa da mai karɓa ita ke yanke gudu. A kashe Wi-Fi na kwamfutar kafin gwaji. A gwada da rana, a gwada da dare an kunna komai, a kuma gwada kowane soket na ɗakin. Lambar da manhajar adafta irin tpPLC ta TP-Link ke nunawa ta gudun sigina a kan wayar wuta ce, ta iperf3 ita ce taka. A saya daga inda za su karɓa idan wayar gidan ta ƙi.

Ɗalibin Fasaha:
Na fahimta. Saura ɗakin baya mai mita daban.

Injiniyan Wuta:
Kada ka sa rai. Siginan zai fita ta mitarku, ya hau layin waje, ya shigo ta ɗaya mitar, kuma sai an dace fes ɗaya ne. Nisan mita 300 da ake rubutawa a kwali tsawon waya ne da duk lanƙwasarta, a kan layi mai tsabta. Idan taransifomarku daban ce, magana ta ƙare, ba ya ratsa ta.

Ga ginin da ke ware, Hajiya ce ke da gaskiya. Cat6 na waje a cikin bututu idan bai kai mita 100 ba, da na'urar kariya daga tsawa a kowane ƙarshe. Faiba ta fi, domin gilashi ba ya ɗaukar wuta, kuma gine-gine biyu masu turken ƙasa daban-daban na iya samun bambancin bolt a tsakaninsu, wanda zai bi jan ƙarfen kebul ya ƙona ramin rauta. In ba a son haƙa, eriya biyu masu kallon juna a 5 GHz, muddin babu bango ko bishiya a tsakani.

Mai Haɗa Intanet:
Ga na bene kuma, abubuwa uku da ke sa mutane su zaci adafta ta lalace. Idan tsohuwar rauta za ka sa a sama don Wi-Fi, mai da ita yanayin AP (watsa Wi-Fi kawai), ko ka kashe DHCP ɗinta (mai raba adireshi) ka sa kebul a ramin LAN, in ba haka ba rautoci biyu za su riƙa raba adireshi a gida ɗaya. Ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da ta ƙasa, amma tasha daban a 2.4 GHz, ɗaya a 1, ɗaya a 6 ko 11.

Kada ka taɓa haɗa adafta biyu a rauta ɗaya ko suwic ɗaya. Bayanai za su riƙa zagaye ba iyaka, duk gidan ya tsaya.

Sai yanayin adana wuta. Idan na'urar da ke jikinta ta yi shiru na 'yan mintoci adaftar takan yi barci, wasu kuma ba sa farkawa sai an cire an mayar. Firinta da akwatin talabijin sun fi jawo wannan. Shiga manhajar ka kashe shi, ka sabunta manhajar cikin adaftocin duka biyu zuwa siga ɗaya. Kuma a bar mata iska, kada a danne ta da kujera ko labule, don tana ɗaukar zafi.

Ɗalibin Fasaha:
Ke nan in fara gano fes da wayar ƙasa kafin in sayi komai. Idan wayar ƙasa tana nan, mai MIMO da ramin gigabit da soket a fuska?

Injiniyan Wuta:
Haka ne. Kuma soket ɗin falo da za ka sa ta farko ya kasance gefe ɗaya na inbata da na sama. In soket ɗin da ya dace yana nesa da rauta, ƙara tsawon kebul ɗin Ethernet, mita 5 ko 10 ba sa rage komai, kada ka jawo wutar da ekstenshan.